Ɓeran Sito Da Ciwon Ƙoda: Jawabi Ga Jama'ar Hashimi Da 'Yan'uwanmu Na Kurmi



Maganar da na zo da ita Hashimi yau ta ɓera ce, kuma ina roƙon ku isar da ita ga 'ya'yanmu da ke neman abinci a Agege, da Sabon Badun, da Shagamu, domin da yawansu a cikin sito suke kwana, tare da buhunan hatsi da na albasa.

A lokacin yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya fiye da 3,000 suka kamu da wata masassara mai sa zubar jini, wadda kuma ke tsayar da aikin ƙoda. Likitoci suka daɗe suna lalube, sai a 1976 wani masani ɗan Koriya, Ho Wang Lee, ya gano ƙwayar cutar a jikin ɓeran gona, kusa da kogin Hantan. Daga nan ne sunan hantabairos ya samo asali, watau ba shi da wata dangantaka da hantar cikinmu. Akwai 'yar'uwarta mai suna Seoul, wadda manyan ɓerayen birni ke ɗauke da ita suna bin jiragen ruwa ƙasa ƙasa, irin ɓerayen da ba baƙi ba ne a Apapa.

Abin lura shi ne, ba sai ɓera ya ciji mutum ba. Fitsarinsa da kashinsa su bushe, mai shara ya tayar da ƙura, ya shaƙa, shi ke nan. Bayan mako ɗaya ko biyu sai zazzaɓi, da ciwon kai, da ciwon baya. Daga baya fitsari ya ragu ƙwarai, kuma a nan ne rai ke shiga hatsari, har wani sai an sa shi a na'urar wankin ƙoda. Irin ta Hantan takan kashe mutum 5 zuwa 15 cikin ɗari.

Mu nan Nijeriya wadda muka fi sani ita ce masassarar Lassa, da aka gano a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. Ƙwayarta dabam ce, amma ita ma ɓera ke kawo ta, ta kuma fi tsananta da rani, musamman a jihohin Ondo da Edo da Bauchi. Ta fi waccan sharri ta fuska guda, domin takan tsallaka daga majinyaci zuwa mai jinyarsa, wasu da suka warke kuwa ta bar su da kurumta.

Saboda haka kada a share kashin ɓera a bushe da tsintsiya. A buɗe ƙofa iska ta shiga, a yayyafa ruwa mai bilic, irin na wanke tufafi, a bari ya jiƙa, sannan a kwashe da tsumma, hannu a cikin leda. Buhuna a ɗora su bisa katako, abinci a rufe, ramuka a toshe. Shanyar gari a bakin titi kuwa, ni a ganina gayyatar ɓera ce kurum.

Wanda zazzaɓi ya ƙi sakinsa bayan ya sha maganin cizon sauro, ko ya ga fitsarinsa ya ragu, kada ya ce sai ya hau mota ya taho gida tukuna. Ya tafi asibiti mafi kusa, ya kuma gaya wa likita cewa a sito yake kwana.