Share Fage da Kwashe Kaya a Gwajin Burauza Mai Sarrafa Kansa

Gabatarwa

Gwajin burauza mai sarrafa kansa ɗan shiri ne na kwamfuta da ke yin abin da mutum zai yi da hannunsa a gaban shafin intanet: ya buɗe burauza, ya rubuta suna da kalmar sirri, ya danna maɓalli, sannan ya duba ko abin da ya fito shi ne abin da ake tsammani. Masu gina shafuka kan tara ɗaruruwan irin waɗannan gwaje-gwaje su zama ayari guda, a riƙa kora su duk lokacin da aka taɓa manhajar. Kusan kowane gwaji a cikin ayarin yana buƙatar tanadi iri ɗaya kafin ya fara, yana kuma barin tarkace iri ɗaya idan ya gama. Yin wannan tanadi shi ne share fage, kawar da tarkacen kuma shi ne kwashe kaya. Amincin ayarin ya rataya ne a kan tambayoyi uku: ina aka ajiye waɗannan matakai, sau nawa ake gudanar da su, kuma shin suna gudana ko da gwajin ya faɗi?

Asalin tsarin

Tsarin ya girmi gwajin burauza. Kent Beck ne ya sa shi a cikin SUnit, kayan gwajin da ya rubuta wa harshen Smalltalk, daga baya shi da Erich Gamma suka kawo shi cikin JUnit na harshen Java a 1997. A can aka san sunayen nan biyu, setUp da tearDown: na farko yana gudana kafin kowane gwaji, na biyu bayansa. A littafinsa xUnit Test Patterns na 2007, Gerard Meszaros ya kasa kowane gwaji gida huɗu: share fage, aiwatarwa, tantance sakamako da kwashe kaya.

Sa'ad da Jason Huggins ya ƙirƙiro kayan gwajin burauza mai suna Selenium a 2004 a kamfanin ThoughtWorks da ke Shikago, ana rubuta gwaji ne a jadawali mai ginshiƙi uku: umarni, wurin da za a taɓa, da abin da za a shigar. Babu umarnin share fage ko na kwashe kaya a wannan jadawali. Dabarar da aka bi ita ce a tanadi adireshi na musamman a shafin da ake gwadawa, wanda da zarar gwaji ya buɗe shi uwar garke za ta mayar da bayanai yadda suke. Da aka sami damar rubuta gwajin Selenium da harsuna irin su Java da Python, sai masu gwaji suka ari tsarin JUnit da danginsa. Haɗewar Selenium da WebDriver na Simon Stewart a 2011, da amincewar da hukumar W3C ta yi da WebDriver a matsayin ƙa'ida a 2018, sun ƙara tabbatar da wannan hanya.

Abin da ake sharewa

Fagen gwajin burauza hawa uku ne. Na farko ita burauzar kanta: a kunna ta, a daidaita faɗin taga da harshe, a tabbatar babu kukis ko ajiyar da wani gwaji ya bari. Na biyu bayanan da ke rumbun uwar garke, kamar asusun mai saye, kayan sayarwa da farashinsu. Na uku shiga asusu, wanda yawancin gwaje-gwaje ke buƙata amma ba shi suke aunawa ba.

A ɗauki misalin shagon intanet. Gwaji na ɗaya ya saka takalmi a kwando, ya tabbatar ya shiga, ya tafi. Gwaji na biyu ya saka riga, yana jiran ya ga kuɗin riga kaɗai, sai ya tarar da kuɗin riga da takalmi, ya ba da rahoton kuskure alhali manhajar lafiyarta lau. Idan aka kora na biyun shi kaɗai, sai ya wuce. Akasin haka ya fi haɗari: gwajin da ba ya wucewa sai wani ya riga shi ya bar masa kaya a kwando. Ranar da aka sauya jeri ko aka cire na gaban, sai ya rushe, a ɓata yini ana neman laifi inda babu. Idan irin wannan ta yi yawa, ma'aikata kan daina kula da jan rahoto, har kuskure na gaskiya ya sulale ya isa hannun jama'a.

Matakin da ake rabawa

Kwafa matakai guda a kan kowane gwaji yana sa duk ranar da shafin shiga ya sauya sai an bi ɗaruruwan fayiloli ana gyara. Shi ya sa ake tara su wuri ɗaya. A JUnit 5, wanda ya fito a 2017, @BeforeEach da @AfterEach suna kewaye kowane gwaji, @BeforeAll da @AfterAll kuma suna gudana sau ɗaya ga rukuni. TestNG na Cédric Beust yana da @BeforeSuite, wanda ke gudana sau ɗaya tak ga ayari. A pytest ana ajiye matakan a fayil mai suna conftest.py, kowane mataki a faɗi tsawon rayuwarsa: gwaji ɗaya, rukuni, fayil, ko zaman gwajin baki ɗaya.

Zaɓi tsakanin waɗannan ciniki ne tsakanin sauri da tsafta. Sabon fage ga kowane gwaji shi ya fi aminci, amma yana cin lokaci. Idan a ce ayari na da gwaji 200, kowanne na ɓata daƙiƙa 5 wajen shiga asusu, an kashe fiye da minti 16 ke nan ba a gwada komai ba. Ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce a raba abin da ke da tsada kuma gwaji ba ya canza shi, a sabunta duk abin da gwaji ke iya taɓawa. Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020, haka yake yi: burauza ɗaya tana yi wa gwaje-gwaje da yawa aiki, amma kowanne ana ba shi keɓaɓɓen zama mai kukis da ajiya nasa na kansa. Ana kuma iya shiga asusu sau ɗaya, a adana kukis ɗin a fayil, sauran gwaje-gwaje su fara a ciki. Wannan fayil tamkar makulli yake, bai kamata ya shiga ma'ajiyar da kowa ke gani ba. Bayanai kuwa gara a shigar da su kai tsaye ta ƙofar uwar garke maimakon a bi ta danne-dannen shafi, domin ya fi sauri kuma ba ya karyewa don an matsar da maɓalli.

Kwashe kaya

Nan ne aka fi yin sakaci. A Selenium, umarnin close taga ɗaya yake rufewa, quit ne ke kawo ƙarshen zaman gaba ɗaya ya sallami direban burauza. Ayarin da ba ya kiran quit yakan bar burauzoji a kunne a bayan fage, su yi ta cin ƙwaƙwalwar na'ura har ta gaza. Haka nan idan aka rubuta kwashewa a layin ƙarshe na gwajin kansa, duk ranar da gwajin ya faɗi a tsakiya ba za a kai gare ta ba. Wurinta shi ne matakin da tsarin gwaji ke kira ko an wuce ko an faɗi.

A pytest, abin da ya zo kafin kalmar yield share fage ne, na bayanta kwashe kaya, kuma ana kwashewa daga na ƙarshe zuwa na farko, yadda ake sauke kayan da aka ɗora. Amma idan mataki ya karye kafin ya kai yield, kwashewarsa ba ta gudana. Saboda haka kowane mataki ya ɗauki aiki ɗaya: wannan ya kunna burauza, wancan ya buɗe asusu, ta yadda karyewar ɗaya ba za ta hana kwashe sauran ba.

Duk da haka wuta na iya ɗaukewa, ko wani ya tsayar da ayarin a tsakiya, kwashewa ba ta samu ba. Wannan ne ya sa masu kayan gwajin Cypress ke ba da shawarar a yi shara kafin gwaji, ba bayansa kaɗai ba, kuma tun sigarsa ta 12 a 2022 yake goge shafi da kukis da ajiya kafin kowane gwaji. Wani amfanin haka shi ne gwajin da ya faɗi yana barin fagensa yadda yake, mai bincike ya zo ya gani da idonsa. Inda kuma ake kora gwaje-gwaje da yawa lokaci guda, dole kowanne ya ƙirƙiri asusu da bayanai masu suna na daban, ya goge nasa kaɗai. Gwajin da ya share rumbu gaba ɗaya ya janye wa 'yan'uwansa tabarma ne suna zaune.

Kammalawa

Akwai awo mai sauƙi da ke nuna ko an yi aikin daidai. A kora kowane gwaji shi kaɗai, a kora ayarin a jerin da aka hargitsa, sannan a kora shi sau biyu a jere ba tare da an taɓa komai da hannu ba. Ayarin da ya ba da sakamako ɗaya a dukkan ukun ya mallaki fagensa, kuma shi ne kaɗai ya cancanci a dogara da rahotonsa kafin a saki manhaja ga jama'a.