Zogale, Maganin Ƙwari da Haihuwar Maza



Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, noman sayarwa ya kafu a ƙasarmu. A yau manomin wake na Zurmi, ko falken da ke kai buhuna kasuwar Shinkafi ran Alhamis, da wuya ya rabu da maganin ƙwari. Akan fesa shi a gona, akan kuma zuba shi cikin buhu don tsoron gunda. Saboda ragowar irin wannan guba, wato fiya-fiya, Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne illarsa ga haihuwar namiji. A 1977 aka gano cewa ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, masu haɗa maganin da ake kira DBCP, da yawansu maniyyinsu ya ragu ƙwarai, wasu ma babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya. A garuruwanmu kuwa, idan gida ya rasa haihuwa, mace ake ɗora wa laifi, alhali mijin ne ke goya tankin feshi ba safar hannu, ba takunkumi.

To, me masana suka gano? Fatar ƙwayar maniyyi maiƙo ne da ita, guba kuwa kan ɓata maiƙon kamar yadda man gyaɗa ke ɓaci idan ya daɗe a buɗe. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, likitocin dabbobi sun ɗura wa ɓeraye maganin ƙwari, suka ga bitamin C da E na rage ɓarnar. A wasu jami'o'in an gwada zogale, tafarnuwa da citta, aka sami sakamako mai kama da haka.

Amma fa mu yi hattara. Ɓera ba mutum ba ne, kuma abin da aka auna masa a ɗakin gwaji ya bambanta da kwaɗon da ke kwanonmu. Rage ɓarna aka yi, ba a kawar da ita ba. Hasali ma, a 2004 masana a Nijeriya sun nuna cewa zoɓo mai yawa na cutar da marainan ɓera.

Don haka, ku da za ku koma ƙauyuka kuna malaman gona da ma'aikatan lafiya, ku gaya wa iyayenmu su ci zogale don abinci ne mai gina jiki, amma kada su ɗauke shi garkuwa. Mai feshi ya rufe jikinsa, ya bai wa iska baya, ya yi wanka kafin ya ci abinci. A adana wake cikin buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska. Idan haihuwa ta yi jinkiri, miji da mata su je asibiti tare.

Rigakafi dai ya fi magani.