Jan Nama da Lafiyar Zuciya

Wani ya tambaye ni a kasuwar Birnin Kebbi, ya ce, "Malam, shin gaskiya ne naman sa da na rago suna kashe zuciya?" Amsar wannan tambaya na zo in ba ku yau.

Da farko sai ku san aikin zuciya. Ita tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, tana tura jini cikin jijiyoyi, kamar yadda manomin fadama ke kora ruwa cikin lambatu zuwa fangalin shinkafa. Wani likita Bature mai suna William Harvey shi ya bayyana wannan kewayar jini a 1628. To, in laka ta toshe lambatu, shuka sai ta bushe. Haka jijiya ta ke in maiƙo ya taru a bangonta. Hanya ta ƙuntata, jini ya kasa wucewa, sai ka ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cututtukan zuciya da jijiyoyi sun kashe mutum kusan miliyan 18 a 2019.

Shi nama abinci ne mai albarka. Yana gina tsoka, yana kuma da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda yara da mata masu ciki ke bukata ƙwarai. Amma fa zuma da zaƙi da harbi. Harbin nama yana wuri uku. Na ɗaya kitse, gama kitsen dabba shi ke ƙara maiƙon nan cikin jini. Na biyu gishiri da dunƙulen magi da a kan zuba wa tsire da balangu da kilishi, domin yawan gishiri na kawo hawan jini. Na uku yawan ci, kullum kullum, ba motsa jiki.

Wani zai ce, "Ai Fulani na shan nono da man shanu, ga su garau." Lalle akwai gaskiya a nan. A 2001 an buga binciken da masana suka yi kan Fulani makiyaya a ƙasar Jos, aka tarar maiƙon jininsu bai hau ba. Amma ku duba, Bafillace yini ya ke yana tafiya bayan shanu, ba ya kuwa cika ciki. Wanda ke zaune a rumfa tun safe har magariba, in ya tashi ya hau babur, kada ya auna kansa da makiyayi.

Ga shawarata. Masana sun ba da ma'auni a 2018, watau kada dafaffen jan nama ya wuce rabin kilo a mako. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke cikin miya. In za ku sayi nama wurin mahauci, ku ce ya yanke kitsen. Ranar Babbar Salla ku raba naman layya ga maƙwabta da mabukata, kada gida ɗaya ya yi sati yana cin soye da kakiɗe.

Allah ya yi mana wata baiwa kuma, ita ce Gulbin Rima. Tun 1934 a ke bikin kamun kifi a Argungu, duniya duk ta san giwan ruwan Matan Fada. Kifi ya fi jan nama sauƙi ga zuciya. Ku riƙa musanyawa, yau kifi, gobe wake, jibi nama, tare da zogale ko rama.

Abu na ƙarshe, hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai ji kome ba. Duk wanda ya kai shekara 40, ya je Asibitin Sir Yahaya ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna shi. In awo ya kai 140 bisa 90, ya bi maganar likita, domin iyalinsa na jiran cefane daga hannunsa.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu ita, ya ba mu ikon tsaronta, amin.