Makiyaya da Garken da Ya Watse

Sa'ad da rundunar Nebukadnezzar ta rushe Urushalima, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Annabi Ezekiyel yana zaman bauta a Babila, kuma a sura ta 34 ta littafinsa ya ɗora alhakin watsewar garken a wuyan makiyayan da suka ƙoshi alhali raunanan tumaki suna ɓacewa. Ta wannan fuska wasu malaman Kirista suke fahimtar yaƙin ruhaniya, domin Iblis yakan farauci wanda aka yi sakaci da shi. Saboda haka, ya ku shugabannin ikilisiya, bayan azumi da addu'a, ku taka har gidan wanda ya daina zuwa sujada, ku tambayi lafiyarsa.