Gyaran Gida da Ƙarin Gini: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa akan kawo wa hakimi gardamar cinikin gida, ko kuwa a nemi shawararsa wajen ƙiyasta gidan gado kafin alƙali ya raba. Mai gida ya zo da lissafin abin da ya kashe yana so a biya shi duka, mai saye kuwa ya yi tayin da bai kai nan ba. Asalin rigimar shi ne an gama abu biyu waɗanda ba ɗaya ba ne, watau gyara da ƙari.

Gyara shi ne aikin da ke tsare gida a yadda yake, kamar yaɓen bango da na rufi kafin damina ta faɗi, da yashe indararo, da sake azarar da ta ruɓe, da kashe gara. Wannan ba ya ɗaga kuɗin gida, gama mai saye ya ɗauka dama haka zai tarar da shi. Ba wanda zai ƙara ko kwabo don an ce masa ɗaki ba ya yoyo. Amma fa in aka bar gyaran, hasarar takan fi kuɗin aikin nesa ba kusa ba. Indararo guda in ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, ƙasar rufi ta jiƙe ta yi nauyi, bakin azara ya ruɓe inda ya shiga bango, wata damina sai rufin ya rufta. Aikin yini guda ya koma sabon gini ke nan. Mai saye kuwa da ya ga tabon ruwa a ɗaki ɗaya sai ya zargi sauran, ya rage na abin da ya gani, ya kuma rage na abin da yake tsoro.

Ƙari shi ne a sa wa gida abin da ba shi da shi a da. Shi kam yana ɗaga kuɗi, sai dai ba lalle ya mayar da abin da aka kashe ba. Abin da kowane magidanci ke bukata, kamar rijiya, da makewayi mai kyau, da shago a bakin hanya wanda za a ba da haya, shi ne mai saye ke yarda ya biya. Zanen fuskar zaure da zankwaye ado ne, suna faranta ran mai gida, amma dillali ba ya cika sa su a lissafi. Unguwa ma tana da iyakar kuɗinta. Wanda ya tashi bene a lungun da mota ba ta shiga, da wuya ya ga kuɗinsa.

Akwai ƙarin da ke ɓata gida. Shafen siminti a kan bangon ƙasa yana da kyaun gani, amma yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa cinyewa a ɓoye. Maginan da suka san aiki sukan ƙwanƙwasa bango su ji ko ya yi holoƙo, kamata ya yi a kira irinsu kafin a yanka kuɗi.

Shari'a ma tana duban halin da gini ke ciki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ɗauki abu da yawa daga Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta sa ƙasa a hannun Gwamna bisa amana. In Gwamnati ta karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar gini ita ce kuɗin sake gina irinsa, sa'an nan a cire gwargwadon tsufa da lalacewar da ya yi. Gidan da aka yi wa sakaci, diyyarsa ta ragu ke nan.

Saboda haka in aka kawo lissafin gida, malamin hakimi ya rubuta kuɗin gyara daban, na ƙari daban, kowane da shekararsa da sunan maginin da ya yi aikin. A gidan gado wannan ya fi zama wajibi, domin magajin da ya zauna a ciki yakan nemi a mayar masa da abin da ya kashe, takardar nan kuwa ita alƙali zai fara tambaya.