Rawar Hannu da Idon Jama'a

Masu girma dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, ma'aikatan lafiya da kuka taso daga Rogo, da 'yan'uwana mutanen Ƙaraye, ina gode muku da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Abin da muke kira rawar jiki ko makyarkyata ba ciwo guda ba ne, kuma cakuɗa su da muke yi shi ne mafarin cutar da masu fama da shi. Wadda ta fi yawa ita ce rawar da ke tasowa lokacin da hannu ya kama aiki: ɗaukar kofi, rubutu, zura zare a allura. Hannun yana kwance a cinya lafiya lau, sai an miƙa shi ya fara kaɗawa. Kusan mutum 1 cikin 100 na da ita a duniya, ta fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 65, kuma kimanin rabin masu ita sun gada ne. Ba ta kisa, ba ta kuma nufin mutum ya rasa hankalinsa. Irinta nake ɗauke da ita, kamar yadda mahaifina ya ɗauka.

Ɗayar kuwa ita ce cutar Parkinson, wadda wani likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana a 1817. Ita hannun yana rawa ne yana hutawa, jiki ya sandare, tafiya ta zama ja da ƙafa, saboda ƙwaƙwalwa ta rage samar da sinadarin dofamin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu ita sun haura miliyan 8.5. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar halittar gado da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka. Don haka a daina cewa ciwon Turawa ne. Akwai kuma rawar da wani abu dabam ke jawowa: yawan goro da kofi, faɗuwar suga a jini, maganin asma na shaƙa, ko halittar nan ta wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo idan ta zarce da aiki. Wannan kan lafa idan an magance sanadinta.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Idan mutum ya ji kunya ko fargaba, jikinsa na sakin sinadarin adirinalin, shi kuma yana ƙara wa rawar ƙarfi nan take. Shi ya sa ɗaya daga cikin magungunan da likitoci ke bayarwa, propranolol, aikinsa toshe tasirin wannan sinadari. Ku duba ma'anar wannan. Dattijon da ke shan kokonsa shi kaɗai a zaure ba tare da ya zubar ba, da an kai shi wurin walima aka zuba masa ido, ludayin zai fara buga gefen kwano, kokon ya ɗiga a gaban rigarsa, wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya. Daga nan sai ka ji yana cewa ya ƙoshi. Wallahi bai ƙoshi ba. Wani kaso na wannan rawar idanunmu ne suka haddasa shi.

Na koyar a makarantar firamare shekaru masu yawa. Alli bai taɓa gagarata ba, domin nakan jingina gefen hannuna da allo in yi manyan baƙaƙe. Abin da ya gagare ni shi ne ranar da wani jami'in banki ya mayar mini da takarda har na gaji, wai sa hannuna bai yi daidai da na baya ba, layi kuma ya yi tsawo a bayana, wani yana cewa, "Malam, ko dai ba kuɗinka ba ne?" A wurinmu rawar jiki alamar rashin gaskiya ce. Idan matashi ne sai a ce ƙwaya yake sha. Idan mace ce sai a ce iskokai ne ko kishiya ta yi mata sammu, a kwashe shekaru ana turare da shan rubutu ba a je asibiti ko sau ɗaya ba. Ba na hana kowa addu'a, ni ma da ita nake kwana. Amma zargin kishiya ya raba gidaje a kan ciwon da likita zai iya gane shi da kallon yadda mutum ya zana layi a takarda. Kuma Suratul Hujurat ta hana mu izgili da laƙabin ɓatanci, malamanmu na nan sun fi ni sani.

Duniya ta ga ɗan damben nan Muhammad Ali a Atalanta a 1996, hannunsa na karkarwa, ya kunna wutar gasar Olamfik. Ba wanda ya karɓe masa sandar wutar. Mu kuwa tausayinmu ma yakan yi ɓarna: a fizge kofin daga hannun mutum, a karɓe masa tiya a kasuwa, a ce "bari kawai, Baba." Tela da wanzami da mai awon masara a Rogo da masuncin dam ɗin Challawa duk hannu ne jarinsu. Kafin ka taimaka, ka tambaya. Idan ya ce a'a, ka kau da kai ka ci gaba da hirarka.

Ku kuma 'yan'uwana masu wannan lalura, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni nakan faɗa tun a farko: "Hannuna yana rawa, gado ne," sai in ga hannun ma ya lafa. A zuba shayi rabin kofi, a riƙe da hannu biyu, a kafa gwiwar hannu a kan cinya. Kofi mai nauyi ya fi na roba. A rage goro, a sami barci. Kada a sayi propranolol a kemis don an ji sunansa a nan, domin yana da haɗari ga mai asma da mai wasu ciwukan zuciya. Masu Parkinson nasu maganin levodopa ne, kuma likita ke tsara shi.

Wata magana a gurguje ga manoma: bincike da dama ya danganta maganin feshin ciyawa na paraquat da cutar Parkinson, Tarayyar Turai ma ta daina amfani da shi tun 2007. Kada a bar yaro ya goya tankin feshi ba takunkumi ba safar hannu.

Roƙona ga hukumomin ƙananan hukumominmu biyu ƙarami ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafe mu, don haka a yarda da dangwala yatsa a duk ofishin da sa hannu ya gagara. A kuma koya wa ma'aikatan asibitocinmu na karkara bambance waɗannan nau'o'i, su rubuta takardar tura marar lafiya zuwa likitocin jijiya na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kuma taimaka da kuɗin mota ga wanda ba shi da hali.