Baba Malam: jawabin da na yi a taron matasan mazaɓar Chikaji

 

Shugabanninmu na mazaɓa, iyayenmu maza da mata da suka bar ayyukansu suka zo, 'yan uwana matasa na Chikaji da waɗanda suka taso daga Muciya da Dogarawa da Samaru, ina gaishe ku. A takardar taro an rubuta cewa zan yi bayani kan rajistar sababbin mambobi. Wannan mun ɗaga shi zuwa zama na gaba. Yau 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, kuma wata huɗu ke nan da muka kai mahaifina makwancinsa. Na roƙi shugaba ya ba ni minti goma in yi magana a kansa, ya amince.

Da yawanku ba ku san sunansa na yanka ba, Baba Malam kawai kuka sani. Wasu a nan ya koya musu baƙi da wasali, wasu kuma iyayensu ya koyar. Akwai wani a sahun gaba da ke murmushi, na san ya tuna bulala ce.

Baba ya fara koyarwa a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. An yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka fito. Babu isassun azuzuwa, babu isassun malamai. Haka aka riƙa ɗebo samari ana ba su horon gaggawa ana tura su aji, wasu ma gindin bishiya ne ajin nasu. Baba yana cikinsu. Daga baya ya koma ya kammala Giredi Tu, sannan ya yi NCE yana da 'ya'ya huɗu, yana karatu a lokacin hutu.

Ajin da ya fara riƙewa irin na Sabon Gari ne. Ga ɗan ma'aikacin reluwe Bayarabe, ga 'yar mai shagon kayan gyaran keke Ibo, ga Banufe, ga ɗan mai sayar da hatsi a kasuwa. Sai da ya koyi gaisuwa da Yarbanci da Ibo, don ya iya sallama a ƙofar gida ya tambayi uwa dalilin da ya sa ɗanta bai zo ba. Dokarsa ke nan a kan rajista: yaro ya yi fashin kwana uku, rana ta huɗu za a ga keken Baba jingine a ƙofar gidansu. Ba faɗa yake zuwa yi ba. Zama yake a yi hira, har a gano ko talla ce, ko zazzaɓi, ko dai wandon makaranta ne ya yage yaron yake jin kunya. In wando ne, mahaifiyata tana da keken ɗinki.

A gida kuwa, mu bakwai ne. Farkon shekarun 1980, lokacin tsuke bakin aljihu, malaman firamare sun yi watanni babu albashi. Ni ba a haife ni ba tukuna, amma yayata ta ba ni labari: gonar masarar da Baba yake nomawa a wajen Basawa ita ta riƙe gidan, kuma duk da haka ƙarfe bakwai da rabi yana makaranta. Abin da na gani da idona shi ne bayan sallar Magariba. A shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar ƙwai, shi yana duba littattafan 'yan ajinsa da jan biro, mu kuma muna karanta Magana Jari Ce bi da bi, wanda Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya. In ka yi tuntuɓe a kalma ba ya ɗago kai, sai dai ya ce, "Sake." 'Yan uwana mata huɗu duk sun gama sakandare, kuma an sha zuwa masa da maganar ya cire su ya aurar. Lokacin da na samu gurbin difloma, babur ɗin da ya saya bayan shekara ashirin yana tuƙa keke shi ya sayar ya biya kuɗin rajista, ya koma kan kekensa.

To, ga abin da ya sa na tsayar da ku.

Lokacin da Baba ya zama hedimasta, wata rana aka turo masa wani saurayi da takardar kama aiki, haɗe da 'yar guntuwar wasiƙa daga wani ɗan siyasa. Yaron ya yi wahala a kamfe, an saka masa da aikin koyarwa. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi ruwa. Bayan an tashi yara, ya miƙa masa alli ya ce ya raba 456 gida 8 a allo. Saurayi ya tsaya, gumi ya karyo masa. Baba bai kore shi ba, bai kuma ba shi aji ba. Ya ce masa, "Albashinka ba ni da iko a kansa, amma yaran nan amana ce a hannuna." Ya sa masa benci a bayan aji shida, kullum kuma bayan an tashi su zauna awa guda, har tsawon zango biyu. Maganar ta koma kunnen wanda ya rubuto wasiƙar, ya ɗauka an ci masa fuska. Ba a rufa wata biyu ba aka yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye, inda ya yi shekara biyu yana fita da asuba a kan keke. Saurayin nan kuwa daga baya ya je ya yi NCE ɗinsa. Ranar jana'iza yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓi gawar.

Baba ya yi ritaya a 2011, bayan shekara 35. Ya daɗe yana sintiri da fayil a hammata kafin giratutinsa ya fito, wannan kuma labarin wata rana ne. Yana zaune a gida a 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a Janairun 2018. Kun tuna yadda gari ya rabu biyu, wasu na cewa gyara ne, wasu na cewa zalunci ne. A zauren gidanmu ma an yi ta wannan musu. Baba ya san wasu malaman ƙwarai da abin ya rutsa da su, kuma ya yi baƙin ciki. Amma abin da ya fi maimaitawa shi ne, waɗanda ba su iya ba ai ba da kansu suka ɗauki kansu aiki ba, kuma bai ji an kira ko mutum ɗaya daga masu rubuta 'yan wasiƙu an ba shi takardar jarrabawa ba.

Masu rubuta wasiƙun nan, jama'a, mu ne. 'Yan siyasa, kowace jam'iyya, ban ware tamu ba. Abin ma da ban takaici, siyasar Arewa malaman makaranta ne suka kafa ta. Sardauna malami ne, Tafawa Ɓalewa malami ne, Shehu Shagari malami ne. Malam Sa'adu Zungur ya koyar a nan Zariya. Malam Aminu Kano daga aji a Maru ya fito ya shiga gwagwarmayar NEPU a 1950. Su daga aji suka shigo siyasa. Yanzu kuma wanda muka rasa inda za mu kai shi bayan zaɓe, sai mu ce a ba shi aji.

Tun da aka fara raɗe-raɗin za a ɗauki malamai, wayata ba ta huta ba. "Shugaba, a sa ni a kason matasa." Wallahi na san halin da ake ciki. Na san waɗanda suka kwana manna fosta, na san waɗanda suka tsaya a rumfa tun safe har aka gama ƙirga. Haƙƙinku yana wuyanmu, kuma zan bi muku shi a duk inda ake rabon tallafin sana'a ko jari ko wani aikin da ya dace da ku. Amma gara in faɗa muku a gaban iyayenmu, kada wani ya ji daga baya ya ce na yi masa rufa-rufa: ba zan sa hannu a sunan kowa don aikin koyarwa ba sai yana da NCE, kuma sai ya riƙe alli a gabanmu. Ko ƙanena ne. Na san wannan zai ɓata wa wasu rai, wataƙila ma a tuna min da shi ranar zaɓen shugabannin matasa. Na ji, na yarda.

Wanda yake da takardar amma karatun ya kwanta masa, kada ya ji kunya. Tsofaffin abokan aikin Baba su biyu sun amince za su riƙa zama da mu a zauren gidanmu duk Asabar da Lahadi bayan La'asar, lissafi da Turanci da dabarun koyarwa, kyauta. Allon Baba yana nan a jingine, littattafansa ma suna nan cikin akwati. Sakatare zai zagaya da takarda yanzu, mai so ya rubuta sunansa. Mata ma da su, an tanadar musu Lahadi da safe.

Iyayenmu malamai da ke nan kuma, ku ma muna da bashinku: duk ɗan takarar da zai zo neman ƙuri'ar Chikaji, sai ya faɗa mana a bainar jama'a abin da zai yi kan albashinku da ƙarin girma da kuɗin 'yan fansho, mu rubuta mu ajiye.

Ina roƙon Liman ya yi mana addu'a. Allah Ya jiƙan Baba Malam da sauran malamanmu da suka riga mu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Wanda Baba ya taɓa ɓata wa, ko da bulala ce, don Allah ya yafe masa.